Sun Ce Bakina Ne Ya Ɓata Ɗalibin Norway

Doña Fidelina, don girman Allah ki taimake ni, tun kafin in koma jami'a in aikata abin da zai sa jaridarku ta ɗauke ni daga wannan shafi ta kai ni shafin farko har da hoto.

Ni direban tasi ne a nan Santiago, irin tasin da ake cusa huɗu a baya biyu a gaba. Karatuna bai yi nisa ba. Ranar da na bar firamare, malaminmu ya fi ni murna. Wannan wasiƙar ma in kin ga wata kalma ta tsaya daidai, matata Dilcia ce ta miƙe mata ƙafa.

'Yata Yaniris ce ta fara shiga jami'a a duk danginmu. Ita ta sa gidanmu cikin gidajen da ke saukar da ɗaliban ƙasashen waje masu zuwa gyara Sifaniyancinsu, tunda ɗakin yayanta da ya tafi cirani babu kowa sai akwatuna. Aka kawo mana Henrik daga Norway, dogo har sai ya sunkuya a ƙofar kicin. An ce ya daɗe yana karanta harshenmu a can, kuma gaskiya ne, yana cinye littafi mai kaurin bulo. Amma baki gum. Ki tambaye shi ko a ƙara masa wake, sai ya ɗaga kai yana neman kalma a jikin silin, kafin ya samo ta waken ya huce. Da ya dawo daga aji sai ɗaki, ya toshe kunne yana sauraron faifan darasi, muryar wata mata 'yar Madrid tana sayen tikitin jirgin ƙasa. Kullum tana saye, ba ta taɓa tafiya ba.

Na ce wannan yaro zai koma ƙasarsu da harshen nan a naɗe yadda ya zo da shi. Sai na ja shi zuwa kantin Papolo, inda muke buga domino da yamma. Kin san teburin domino, ba mai jiranka ka nemo kalma. Zamansa na farko abokina Chichí ya daka masa tsawa: “Kai Ƙanƙara, ajiye ko ka tashi, ba zaman makoki muka zo ba!” Sunan ya bi shi, bakin kuma ya buɗe. Yanzu shi ke cinikin agada a kasuwa, shi ke yi wa 'yan acaba faɗa, shi da Dilcia kuma kullum gardama kan gishirin miyar sancocho. Ni na yi wannan aikin, kuma ban ga wanda ya ba ni ko takardar yabo ta bayan kalanda ba.

Sai jarrabawar baka ta zo. Ya zauna gaban Dakta Grullón, shugabar sashensu, da wani tsohon farfesa. Aka ce ya yi bayani kan noman taba a yankinmu. Yaro ya zubo magana kamar famfon da ya fashe. Da ya kai ƙarshe, sai ya buga tafin hannunsa a kan tebur yadda muke buga ƙwayar ƙarshe in mun ci wasa, har kofin Dakta ya yi tsalle, ya ce: “Ɗauki wannan, sarauniyata, ki kai gida ki dafa!” Ya waiwaya ya ga farfesan ya lumshe ido, ya ce: “Tsoho, barci kake ko lissafi?”

Ta biyun dai ta Chichí ce, ni yake faɗa wa. “Sarauniyata” kuwa tawa ce, ba na musu. Ita nake faɗa wa duk macen da ta shiga motata, daga mai tallan lemo har sistar coci, ba wadda ta taɓa sauka saboda haka.

Aka kira ni ofis tare da Yaniris. Na sa rigar da nake zuwa biki. Dakta ta yi min magana a hankali, kalma ɗaya ɗaya, kamar ni ne na zo daga Norway. Ta ce suna kai ɗalibansu gidajen da ake magana mai tsabta. Tsabta, Doña! Harshen da uwata ta yi min addu'a da shi, wanda na nemi aure da shi, na raini 'ya'ya da shi har ɗaya ta shigo makarantarsu, yau shi ne mai dauɗa? Na ce to yaron ya ci jarrabawar ko bai ci ba? Ta ce ba maganar da ake yi ke nan ba. Ta ce in ba su ga canji ba zuwa ƙarshen wata, za su mayar da shi gidan wani likitan haƙori a unguwar Los Jardines. Ya je can ya koyi abin da ake faɗa da baki a wangale.

Duk wannan zan iya haɗiye shi. Abin da ya tsaya min a wuya a mota ya faru. Yaniris tana kallon taga ta ce: “Papi, ka yi shiru kawai har ya tafi. Duk ajinmu sun ji. 'Yar sarauniya suke kirana.” Na nemi abin dariyar da zan faɗa, na rasa. A rayuwata ban taɓa rasawa ba.

Tun ranar na kulle bakina. Muna cin abinci ba a jin komai sai cokali. Dilcia ta ce hawan jininta ya sauka, ita da likitanta suna gode wa jami'a. Henrik bai san me ake ciki ba, ba wanda ya gaya masa. Jiya ya sayo min maganin maƙogwaro, ya zauna kusa da ni yana ba ni labaran ban dariyar da ni na koya masa, yana fara su daga ƙarshe.

To Doña, in je in gaya wa Daktar nan abin da ke raina? In ci gaba da zama kurma a gidana? Ko in bar su su ɗauke shi? Ba na son ya tafi, kuma ba na son 'yata ta riƙa sauya hanya in ta hango motata a ƙofar makaranta.

Uban da aka ɗaure wa baki, Santiago

*

Malam direba,

Fushinka yana da tushe. Harshen gidanka ba shi da dauɗa, kuma bai kamata a faɗa maka haka a gaban 'yarka ba. Yaron ya bar ƙasarsu ne don ya iya magana da mutane, kai kuma ka zaunar da shi cikin mutane. Aji ba ya yin wannan.

Amma ka tsaya ka ji ɗaya ɓangaren. Dakta Grullón tana bakin aikinta ɗalibi ya buga mata tebur ya ce ta kai gida ta dafa. Mace ba ta kai wannan kujera sai ta sha jin maganar girki daga bakin maza, ba kuma da wasa ba. Kai ka san “sarauniyata” a bakinka alheri ce. Ita ba ta san ka ba.

Kuma kai kanka ba murya ɗaya gare ka ba. Akwai yadda kake magana da ɗan sandan hanya, da limamin coci, da tsohuwar da kake cire wa hula. Wannan muryar ce ba ka taɓa bari Henrik ya ji ba. Ka ɗinka masa riga ɗaya mai kyau, shi kuwa ya ɗauka da ita ake zuwa ko'ina. Shirunka ba zai ƙara masa ta biyu ba.

Ga abin yi. Yau ka gaya masa gaskiya, babban mutum ne, kuma maganar inda zai kwana ake yi. Ranar Lahadi ka kai shi gaisuwa wurin dattijuwar da ka fi shakka a danginku, ya ga yadda kake zama da yadda kake amsawa. Sannan ku koma ofis tare. Shi ya nemi afuwa da bakinsa, cikin ladabin da ya gani a wurinka. Wannan shi ne canjin da suke nema, kuma za su ji shi da kunnensu. Bayan nan kana da damar ka ce mata, sau ɗaya kuma a natse, kalmar tsabta ta yi maka ciwo. Yawancin mutane suna jin kunya in an gaya musu haka ba da ihu ba.

Kafin duk wannan, Yaniris. Ita ce ta kai sunan gidanku jami'a da hannunta, wanda yake ƙyamar gidansu ba ya gayyato baƙo cikinsa. Tana tsaye ne tsakanin wurare biyu, kuma ita kaɗai ce a danginku ta san nauyin haka. Ka zauna da ita, ka tambaye ta yadda makarantar take mata, ka saurara har ta gama. A nan kaɗai na yarda ka yi shiru.

Allah ya bar maka baƙonka har ya gama, ya sanyaya zuciyar 'yarka, ya kuma ba Dilcia haƙurin abin da zai dawo mata.

Doña Fidelina