Ni Na Goge Muryar Baba

Ya Direbata, sanyin idona, ruwan randata a tsakiyar zafi, ke da murmushinki ke sa in yi ta neman sukundireba alhali tana hannuna,

Ina gaishe ki gaisuwar wanda bai san ko za a amsa masa ba. Ina fata kina lafiya, ƙafar Mama kuma ta yi sauƙi. Ni kam lafiyar jiki ce kawai ta rage mini. Wannan ce takarda ta biyar da na fara rubuta miki. Huɗun farko suna kwandon shara a ƙarƙashin teburin shago, tare da guntayen waya. Kowacce na cika ta da yabonki, don hannuna ya saba, amma da zarar na iso wurin maganar sai biro ya cije. Yau ba zan bar shi ya cije ba. Akwai abin da na ɓoye miki wata uku cur, kuma na san idan kin kai ƙarshen takardar nan da wuya ki sake son ganin fuskata. Ke ce nake shirin rasawa, kuma da hannuna.

Ki bar ni in fara da daɗi, ko na ɗan samu ƙarfin gwiwa. Kin tuna ranar da kika fara shigowa shagonmu? Kin zo ƙarar tsohuwar kwamfutarki, kika ce duk sanda kika juya zanen gini a allo sai ta yi ta nishi kamar tsohuwa a kan matakala. Ina cikin yi miki bayani da iyayi, idonki yana kan kwamfutar da muke gwaji, inda na bar gem ɗin tseren mota a kunne. Kika ce, “Malam, zan iya taɓawa?” Na miƙa miki kibod ina dariya a ciki. Sau uku kika ba ni kashi, ni da nake cika baki a layin nan kaf! Maigidana ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce in koma gyaran fanka. Tun ranar na raɗa miki Direba, ke kuma kika rama da Injiniya, kina jan sunan yadda kowa zai san tsokana ce.

Wayyo, wannan Injiniya! Na ji shi daga bakin mutane da yawa, amma daga bakinki kaɗai yake saukowa har cikin ƙirji. Wa zai sake kirana haka? Wa zai sake zama a kujerar roba mai karyayyen hannu yana gaya mini wayoyina sun fi zuciyata tsari?

Ni na ce zan haɗa miki kwamfuta da hannuna, wadda za ta ɗauki zanenki da safe, ta ɗauki tsere da yamma, ba nishi ba tari. Mun yi makonni muna zaɓen kaya. Ni ina maganar firosesa da katin hoto, ke kina maganar launi. Kika kafe sai farin akwati mai murfin gilashi, sai fankoki masu hasken shuɗi. Na ce haske ba ya ƙara gudu, kika ce ai gini ma ba fenti ke riƙe shi ba, amma ba wanda ke son zama a gidan da ba fenti. Na sallama, don ban taɓa cin ki a gardama ba.

Ranar Asabar ɗin da muka haɗa ta, wallahi ban taɓa jin daɗin sana'ata kamar ranar ba. Kina riƙe da murfin kofi cike da ƙananan notuna, kina miƙo mini ɗaya bayan ɗaya. Na ɗauki firosesa da yatsu biyu na kwantar da ita a mazauninta, kika riƙe numfashi kamar ƙwai nake ajiyewa. Na ɗiga man sanyaya, ɗigo ɗaya kamar ƙwayar wake, kika ce rowa ce. Ke kika danna ram, ɗan siririn katin nan, da babban yatsanki har ta yi ƙas, kika zabura kina tsammanin kin karya. Na ɗaura katin hoto, na jera fankoki, na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya na ɗaure su ta baya yadda ko ɗaya ba ta leƙowa. Sai kika buɗe jaka, kika fito da faifan ajiyar tsohuwar kwamfutarki a naɗe cikin hankici.

Kin tuna abin da kika ce? Ni ban manta ko harafi ba. “Injiniya, a hankali. Baba yana ciki.” Bidiyoyin da kika ɗauka a shekararsa ta ƙarshe, Allah ya jiƙansa, duk suna nan, wayar da kika ɗauka da ita kuwa ta daɗe da ɓata. Kika tambaye ni ko za ki fara kwafe su wani wuri. Na ce ba sai kin wahala ba, ai faifan ne ɗungurungum zan mayar, ko taɓa abin da ke ciki ba zan yi ba. Na ɗaura shi kusa da sabon faifan, na jona, na rufe gilashi. Kika danna maɓalli, fankoki suka juya, shuɗin nan ya haska fuskarki, kika yi tsalle kina tafi. Daga nan kika tafi gida, kika bar ni in ɗora mata manhaja.

To, Direba, ga inda biro ke cijewa.

A sana'armu akwai ƙa'ida guda da ake koya wa mutum tun kafin a bar shi ya riƙe sukundireba: ba a ɗora manhaja da faifan mutane a jone. Ana zare wayarsa, a gama komai, sannan a mayar. Maigidana ya faɗa mini ya fi sau ɗari, ni ma na faɗa wa wasu. Noti biyu ne na murfin, waya ɗaya ce zan zare. Amma na dubi yadda na tsara wayoyin nan, na dubi gilashin da na goge tas, na ce wa kaina haba, kamar ni? Allo ya nuno mini faifai biyu, ba suna, lamba kawai, girmansu ɗaya. Sabon ma na taɓa gwada shi a shago, don haka shi ma ya nuna kamar da abu a ciki. Na zaɓi na sama. Kwamfutar ma ta tambaye ni ko na tabbata zan goge duk abin da ke kansa. Na ce na tabbata.

Da a nan na tsaya, da an ceto kusan komai. Ban tsaya ba. Na ɗora manhaja a kai, na ɗora kayan zanenki, na sauke gem ɗin tseren nan mai shegen girma, na ƙara da wasu biyu don in burge ki. Yinin Lahadi guda ina zuba kaya a kan muryar mahaifinki ina fito. Sai Litinin da safe na buɗe ɗaya faifan don in ga komai naki yana nan. Wayam. Sabon faifan ne ke kallona, ba komai a kansa sai tarkacen gwajina.

Ba zan iya kwatanta miki abin da na ji ba. Na zauna a ƙasa tsakanin kwalaye. Na gwada duk manhajar ceto da na sani. Na ɗauki faifan na kai wa wanda ya fi ni, shi ma ya kai wa wanda ya fi shi. Abin da ya dawo sunayen fayil ne kawai da wasu hotuna rabinsu toka. Sauti ko na sakan ɗaya babu. Maigidana ya juya faifan a hannunsa ya ce, “Abin da aka goge ana nemo shi. Abin da aka rubuta wani abu a kansa, sai haƙuri. Je ka faɗa mata.”

Ban faɗa miki ba. Na mayar da manhajar kan sabon faifai, na cire tsohon, da kika zo na dubi tsabar idonki na ce ya mutu da kansa, wai tsufa ne, wai haka suke yi idan an motsa su. Kika zauna a kujerar nan, kika yi salati. Sannan kika ce, “Shekara biyu ina cewa gobe zan kwafe.” Ko maganar da na hana ki kwafewa ba ki tayar ba. Ke ce ma kika koma lallashina, wai kar in sa damuwa a raina, na yi iya ƙoƙarina. Ya Allah! Wace irin zuciya aka ba ki? Wace irin zuciya kuma aka ba ni, da na ji wannan na gyaɗa kai?

A ranar ne kika gaya mini abin da kike ta ɓoyewa: cikin bidiyoyin akwai wanda Baba ya sa kika ɗauka musamman, ya ce kar a kunna sai ranar aurenki, saƙo ne ga wanda zai aure ki. Kin ce ba ki taɓa buɗe shi ba, kina jira mu ji tare. Mutumin kirki ya tattara sauran numfashinsa ya bar mini magana, ni kuma na ɗora tseren mota a kai. Ban san me ya ce ba, ba kuma zan taɓa sani ba. Amma na san duk abin da ya roƙa wa mijinki, ba irina yake nufi ba.

Mafi muni shi ne ranar da na kai kwamfutar gidanku. Ina durƙushe a falo ina jona allo da kibod, Yayanki ya shigo, aka gaya masa. Ya juya kanki a gabana. “Ke da kike yini a gaban kwamfuta, ki rasa hankalin ajiye kwafi? Abin da ya rage mana ke nan na Baba, kika yi wasa da shi!” Kika sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a bayan hannunki. Mama ta dafa bango ta shige ɗaki. Ni kuwa ina nan da waya a hannu, bakina kamar an ɗinke. Da zan tafi Yaya ya raka ni har ƙofa, ya dafa kafaɗata ya ce Allah ya yi mini albarka. Na ce amin. Amin fa na ce, Direba!

Wata uku ke nan ina kallon ki kina ramewa. Kin kashe hasken fankokin, kin ce yana sa ki ciwon kai. Ba ki sake buɗe gem ɗin ba ko sau ɗaya. Kina aikinki, ki kashe, ki rufe ta da zane. Idan na kira ki kina dariya don kar in damu, amma dariyar ba ta kai ido. Kullum ina ce wa kaina a bar kaza cikin gashinta, lokaci zai warkar. Lokaci bai warkar da komai ba. Ke kike ɗauke da kayan da ni na ɗaure, kina kuma gode mini a kan hanya.

Jiya da hantsi na je wurin Yaya a shagon maganinsa. Na jira ya sallami mutane, na faɗa masa komai yadda na faɗa miki yanzu. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya ce, “Kuskure kowa na yi, ni ma na taɓa ba da maganin da ba shi ba. Amma kana durƙushe a falona ina ci wa ƙanwata mutunci, ka yi shiru?” Ya ce in gaya wa iyayena kar su wahalar da kansu zuwa neman aurenki a watan gobe kamar yadda aka shirya. Ya ce magana ta ƙarshe taki ce, ba zai tilasta miki ba, amma in ta shi ce, ya gama da ni. Alfarma ɗaya na roƙa, ya bar ni in gaya miki da kaina, shi ne ya yarda ya kawo miki takardar nan.

Me zan roƙa yanzu, ya hasken raina? Gafara? Da wane baki? Ina son ki, wallahi ina son ki fiye da ranar da kika fara ba ni kashi, amma so bai hana ni yi miki ƙarya ba, don haka ban ga dalilin da zai sa ki auna shi da nauyi ba. Ba na sa ran amsa. Idan kika yi shiru, na ji. Kwamfutar taki ce, ba ta yi laifin komai ba, kar ki yar da ita saboda ni. Ki riƙa busa mata ƙura duk bayan wata biyu, in ta samu matsala ki kai wa Maigidana, zan bar shagon kafin ki iso. Kuma don Allah ki ajiye kwafin aikinki wuri biyu, ko da wani gwani ya ce miki ba sai kin wahala ba.

Abu ɗaya nake so ya zauna miki: ba ke kika ɓatar da Baba ba. Kin naɗe shi a hankici, kin kawo shi lafiya, kin ce a yi a hankali. Ki gaya wa Mama haka, ko ki ba ta takardar ta karanta.

Yaya ya ce idan ya miƙa miki wannan zai tsaya a bakin ƙofa har ki gama, don yana da haƙurin da zai ba ki. Ki buɗe masa, ki saurare shi har ƙarshe. Cikin duk abin da na goge, zumuncinki da Yaya kaɗai na iya dawo miki da shi.

Naki ko kin so ko kin ƙi, wanda zuciyarsa ba za ta sake karɓar kowa ba har ranar da za a rufe shi,

Injiniya