Hasken da Ke Ƙona Abin da Ya Kalla

Zuwa ga Yayata, a ƙasar da ta je karatu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya aiki, ya sanyin can? Na kira wayarki har na gaji, sai na tuna kin ce idan layin aiki ya zo kanku a babban injin eksiren nan na bincike, ƙarƙashin ƙasa kuke wuni, waya ba ta shiga. Amma na san kina leƙa shafin nan. Ki yi haƙuri da na rubuta a gaban mutane. Ban sa sunanki ba, kuma ogoginki ba sa jin Hausa.

Ranar Talata da safe na kai Inna asibiti a keke, a ɗauki hoton gwiwar nan da ke damunta. Muna zaune a benci a ƙofar ɗakin eksire, sai ga wata mata da tsohon ciki, ta riƙo yaronta da ya karye a hannu. Za ta bi shi ciki, mai ɗaukar hoton ya fito da gudu ya tare ƙofa da jikinsa. Yaron yana ihu yana miƙo mata hannu, amma mutumin nan bai bari ko ƙafarta ta taɓa dokin ƙofa ba. Ya ce wani ya riƙe yaron, ita ta koma can ƙarshen baranda. Ni na shiga. Ya rataya mini wata riga mai nauyi ta dalma, shi kuma ya ɓuya bayan bango kafin ya danna.

Ban ji komai ba, Yaya. Ba zafi, ba ƙara. Abin da ya tsorata ni ke nan.

Kin san ban yi nisa a boko ba, amma walda ta koya mini halin haske. Ranar da na fara, na kalli wutar ba gilashi, na yi ta dariya don ban ji komai ba. Sai bayan na koma gida idona ya cika kamar an zuba mini yashi. Haske ba ya cizo a gabanka, sai ka juya baya.

Na zauna na yi ta juya bayanin da kika yi mini kafin ki tafi. Kin ce a jikin mutum akwai wasu ƙananan ma'aikata da ake kira furotin, har da wani a cikin ido da ke murɗa jikinsa da zarar haske ya taɓa shi, da haka muke gani. Kin ce murɗawar tana da sauri har ƙiftawar ido ta zama tafiyar raƙumi a gabanta. Kuna tara su su daskare ƙwaya-ƙwaya, sun fi garin gishiri laushi, ku sako su a siririn ruwa. Wani haske ya tashe su, eksire ya biyo baya ya ɗauke su hoto. Ku jera hotunan, motsin ya fito kamar fim.

Na tambaye ki, ina ƙwayar take zuwa bayan hoton? Kika yi dariya kika ce tarwatsewa take yi, sai dai hoton ya riga ya fita kafin ta ankara. A lokacin ni ma dariya na yi.

Kin tuna gidan Kaka a Awe, lokacin dahuwar gishiri? Ke ce mai tsugunawa a bakin tukunya, wai sai kin ga daidai lokacin da ruwa ke zama gishiri. Hayaƙi ya sa ki ƙifta, ki buɗe ido ya riga ya yi fari, ki tashi kina fushi ki bar ni da iza wuta. Kaka takan ce, “Yarinyar nan so take ta kama ikon Allah yana cikin aiki.” Ga shi kin samu tukunyar da za ta nuna miki. Wallahi ina alfahari da ke.

Amma kina da juna biyu, Yaya. Na faɗa, ki yafe mini bakina. Kin ce ni da mijinki kaɗai muka sani. Kin ce ba za ki gaya wa ogoginki ba, ciki na fari ne, da wane baki za ki tsaya gaban namiji ki faɗa, kuma kina tsoron su ba wani mutum layin injin da kika daɗe kina jira.

Ban manta ba, kin ce ba a kunna hasken da mutum a ɗaki. Ana zagayawa a duba, jiniya ta yi kuka, ƙofa mai kaurin katanga ta rufe, kuma kuna maƙala abin auna haske a ƙirji. Na yarda da ke. To amma mutumin asibitin nan ma yana da ƙofa da bango, kuma ɗan injinsa ko ƙashi bai ƙona ba, duk da haka ya kori matar. Ya kore ta ne don ya ga cikin. Naki wa ya gani, a cikin wannan rigar sanyin? Wataƙila babu komai. Ogoginki su suka san dokar injinsu, amma ba za su yi miki aiki da ita ba sai sun sani.

Ban ce ki bar aikin ba. Ki samu mace a cikinsu ki raɗa mata. Kunyar nan tamu an yi ta ne don tsakar gida, inda uwa ke gane ciki daga tafiyar ’yarta. Can babu mai karanta tafiyarki.

Allah Ya tsare ki da abin da kike ɗauke da shi, Ya sa hasken nan ya tsaya a kan ƙwayoyinsa, Ya sauke ki lafiya, Ya dawo mana da ku biyu. Amin.

Ƙaninki,
Sule mai walda, Lafia.

Kada ki ce tsoron Sule ne kawai, don ba ni kaɗai na gani ba. Inna ma ta gani. Ban gaya mata komai ba, amma ashe ta karanta fuskarki tun a wayar bidiyo ta Sallah. Da na fito daga ɗakin eksiren na same ta tana kallon matar nan a ƙarshen baranda, carbi ya tsaya a hannunta. Ke ce ’yar fari, tun da aka haife ni ban taɓa jin sunanki a bakinta ba. Ranar nan, a gaban mutane, ta kira shi.