Kar Ki Tambayi Kowa

Marjandafak, Afrilu 1980

Yaya Hansai,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiyar zaman Kusuri? Yaya Indona, tarin ya sake ta? Mu nan sai godiya, idan aka cire ƙarar bindiga.

Kin aiko ki ji dalilin da ban tsallako kogi ba. Kombata, mayaƙan nan masu bindiga, sun kama mijina Baban Indo a shingen hanyar Farsha. Bappa mahauci, mai kai musu nama, ya gan shi a gidan da suke tsare mutane, yana ɗebo musu ruwa. Babu takarda a jikinsa, sun ɗauka leburan kasuwa ne. Irin waɗannan sukan kore su idan abinci ya yi ƙasa.

Kin tuna gardamarsa da abokinsa Malam Rufa'i, wanda suke koyar da kimiyyar fizik tare a lise, makarantar sakandare? Shekaru suna shanye min shayi a kan wata ƙwaya, elektaron, da ko tsinke ba ya iya tsinto ta. Baban Indo ya ce ba ta da wurin zama sai an auna ta, awon ne ke tilasta mata zaɓa. Malam Rufa'i ya ce tana wurinta tun farko, mu ne dai ba mu sani ba. Ni kuwa nakan ce su miƙo min kofunana.

Yanzu gardamar ta dawo kaina. Malam Rufa'i ya nace a je a tambaya, wai tambaya ba ta canza abin da ya riga ya kasance. Na roƙe shi ya bari. A yanzu mijina ba na kowa ba ne a wurinsu. Ranar da wani ya ambaci sunansa da aikinsa, dole su yanke ko shi waye. Tsoro nake ji, Yaya, ko abinci ba ya shiga.

Ƙanwarki,
Lauratu

Marjandafak, Mayu 1980

Yaya Hansai,

Ina fata kuna lafiya. Ki shafa min kan Indo.

Malam Rufa'i ya je, bai gaya min ba. Da ƙauna ya je, na sani, amma har yau ban iya kallon fuskarsa ba. Ya ce musu suna riƙe da malamin lise, gwanin lissafi, su ji tsoron Allah su sake shi.

Ba su kashe Baban Indo ba. Suna da igwa, ba su da mai auna musu inda harsashi zai sauka, sai suka ɗora shi a kai. Bappa ya gan shi an sa masa hular soja, ga wani da bindiga tsaye a bayansa. Bakin igwar kuma unguwarmu yake kallo.

Malam Rufa'i ya zo yana kuka. Duk da haka sai da ya ce halin mutum yana nan tun farko, tambaya fito da shi kawai take yi. Na nuna masa ƙofa.

Ga abin da zan gaya miki, ki riƙe shi a cikinki. Tun da aka ba Baban Indo igwar, ko gida ɗaya bai rushe a layinmu ba. Harsasan wuce mu suke yi su faɗa kogi, inda ba jirgi. Maƙwabta suna ta mamaki, wasu har sun fara neman dalili. Duk harsashin da ya faɗa cikin ruwa, nakan san yana da rai kuma da gangan yake kuskure mu, in kuma san wani a can cikin kombata yana iya fara ƙirga kuskuren.

Ba zan tsallako ba tukuna. Idan Indo ta nemi babanta, ki ce yana wurin aiki. Ke kuma, don girman Allah, kar ki tambayi kowa.

Taki,
Lauratu