Jar Fitilar Bayan Motar Auta

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Maman yara da duk mutanen gidan. Yaya ciwon gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi. Mu ma nan lafiya lau, sai dai raina a ɓace yake, kuma kai ne ka ɓata shi. Tunda ka daina ɗaukar wayata, ga takarda, ita dai ba ka da yadda za ka katse ta.

Bari in fara da abin da kusan kowa yake ruɗewa a kai, har da tsofaffin direbobi irinka. Mutane sun ɗauka idan hazo ya sauka, maganinsa a ƙara haske. Duk ɗalibin da ya zo makarantar tuƙina da wannan tunanin yake zuwa. Alhali hazon damina ruwa ne tsaye a iska. Idan ka watsa masa dogon haske, dawo maka da shi yake yi cikin ido, sai ka ga kamar an rataya maka farin zane a gaban gilashi. Shi ya sa aka yi fitilun hazo can ƙasa a jikin bamba, su bi ta ƙarƙashinsa su nuna maka kwalta da bakin hanya. Da su da gajeren haske ake tafiya, a hankali. Abin da na koya wa 'yarka Auta ke nan, kuma abin da ta yi ke nan ranar da motar burodi ta buge ta ta baya a gangaren gada.

Maman yara ta gaya mini abin da ka yi da aka dawo da ita gida. Yarinya tana riƙe da wuya, farin kayanta na asibiti duk sun ɓaci, ko sannu ba ka gama yi mata ba ka hau faɗa. Wai tafiyar hawainiya ta ja mata. Wai da ta kunna dogon haske ta taka mota kamar kowa, da ba a same ta ba. Wai laifin Gwaggonta ne da ta cika mata kai da karatun littafi. Ni ka zage ni yadda kake so, na saba tun muna yara. Amma da ta rantse maka cewa ta kunna fitilar hazo ta baya, sai ka yi mata dariya a gaban ƙannen mahaifiyarta, ka ce wace fitilar hazo ce kuma a baya, kai da ka tsufa a kan sitiyari ba ka taɓa jin labarinta ba. Ka ce ƙarya take yi don ta kare kanta. Sannan ka karɓe makulli ka jefa a aljihu.

Yaya, akwai ta. Ja ce, tana da ƙarfi ƙwarai, an yi ta ne don na bayanka ya hango ka tun daga nesa, saboda ƙananan jajayen fitilun nan na kullum hazo haɗiye su yake yi. Ni na kama hannun Auta na ɗora a kan zoben da ke jikin sandar fitila. Ka fara kunna fitilun gaba, ka murɗa zoben sau ɗaya, koriyar alama ta fito a allon gabanka, na gaba sun kama. Ka ƙara murɗawa, alama rawaya ta fito, ta baya ta kama. Idan hazo ya washe ka kashe ta, don tana kashe wa na baya ido, kuma tana hana shi gane lokacin da ka taka birki. Cikin duk yaran da na koyar babu wanda ya riƙe wannan kamar ita. Har tsokanarta nake yi, ina ce mata ko za ta karɓi makarantar in huta.

Na sani direban burodin ya ce bai ga wani jan haske ba sai da ya zo kanta. Ban ce ƙarya yake yi ba. Amma ita ma ban yarda ƙarya take yi ba, kuma sai na gano inda maganar ta kwana.

Ka tuna cewa har yanzu a lokacin gwajin aikin nas take a asibitin. Aikin safe aka ba ta, kuma a irin wannan lokacin babu motar haya da ke tsallaka gada. Shugabar nas-nas ta ba ta hutun jinya zuwa farkon mako, daga nan in ba ta koma ba wata za a ɗauka. Kai ka fi kowa sanin wahalar da ta sha kafin ta samu gurbin nan. Ka mayar mata da makullinta.

Ka gaishe mini da Maman yara, ka ce ina godiya da kawo saƙo. Allah ya huci zuciyarka, ya huci tawa.

Ƙanwarka,
Gwaggon yara

*

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyarka da ta iyali. An ce gwiwar ta yi sauƙi har kana fita zama da abokanka, na ji daɗi. Ba ka ba ni amsa ba, to ba komai, yau ni ke da labari.

Auta ta zo wurina jiya. Ban taɓa ganinta haka ba. Ta zauna a kan bencin ɗalibai, ta ƙi ko kallon motar koyo. Ta ce, Gwaggo, wataƙila Baba ne da gaskiya, wataƙila ban murɗa zoben ba, a raina kawai na ga alamar. Ta ce tun ranar take juya abin a kanta har ta daina sanin me ta gani da me ta ƙirƙira. Ta ce wadda ba ta iya tuna ko ta kunna fitila ba, ina ita ina ba marar lafiya magani. Ka ji inda maganarka ta kai, Yaya? Ba tuƙi kaɗai ka cire mata ba.

Da ta tafi na kasa zama. Na wuce garejin da aka ajiye motar, na sa mai gyara ya buɗe mini but ɗin baya da ya lotse. Na kunna wuta da makullin da aka bar wa mai gyara, na murɗa zobe, alama rawaya ta fito tsaf a allo. Na zagaya baya, babu komai, fitila shiru. Na ce ko bugun ne ya fasa ƙwan. Muka ciro shi, lafiyarsa lau. Sai da muka ɗaga murfin ciki na ga waya a yanke, yanka mai kyau na almakashi, an naɗe bakinta da baƙin tef, tef ɗin har ya tsufa. Motar burodi ba ta naɗa tef.

Mai gyaran wayoyin mota da ke gefen garejin, wato mai wayarin, ina tambayarsa ya hau sosa ƙeya. Ya ce, Hajiya, ni fa umarni na bi. Wai kwanakin baya, da ka ari motar ka je kasuwa, kai ka kawo ta da kanka ranka a ɓace. Hannunka ya murɗa zoben ba ka sani ba, abokanka suka gan ka da jar fitila ɗaya tana ci a baya, ɗaya gefen babu, suka yi ta yi maka tsiya, wai ka saya wa 'yarka mota mai ido ɗaya. Kai kuma ka ɗauka fitilar birki ce ta maƙale. Ya ce ya buɗe baki zai yi magana, ka ce kana tuƙi tun kafin a yaye shi, ya yanke ta kawai kada ta shanye batir.

Ban ga laifinka a kan rashin sani ba. Motoci da yawa da fitilar hazo ɗaya tak ake yin su a baya, a gefen direba, don kada a ɗauke ta a matsayin birki, kuma mutane da yawa suna zaton lalacewa ce. Da ka tambaye ni, da a tsaye zan gaya maka. Da ka tambayi Auta, da ta fi ni bayani. Amma ina! Ƙanwa da 'ya, me suka sani? Abin da ya ƙona mini rai shi ne, ta tsaya a gabanka tana kuka tana cewa jar fitila ta baya, jar fitila ta baya, kuma ko sau ɗaya zuciyarka ba ta ce maka, af, ko ita ce wadda na sa aka yanke ba? Ko ta faɗa maka, ka danne?

Yarinyar nan ta shiga hazo da yardar cewa ana ganinta. Ta yi duk abin da ya kamata, allo ya nuna mata ta yi, alhali a baya duhu ne. Da babbar mota ce ta biyo ta maimakon ta burodi, da yanzu wani zancen muke yi.

Ban gaya mata ba. Na so ƙwarai, har na ɗauki waya na ajiye. Daga bakinka ya kamata ta ji, don kai ka ce mata maƙaryaciya. Ba sai ka tara mutane ba. Ka kira ta ɗaki, ka ce, Auta, kin kunna, ni na sa aka yanke. Girmanka ba zai ragu ba, wallahi ƙaruwa zai yi. Amma hutunta ya kusa ƙarewa, kuma ba zan zuba ido ta rasa aikinta saboda kunyarka ba.

Ina gaida kowa. Duk da haka kai ne Yayana, kuma ina yi maka addu'a.

Ƙanwarka,
Gwaggon yara

*

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fata ka tashi lafiya, da kai da Maman yara. Gaisuwar yau gajera ce, ka yi haƙuri.

Na ji abin da ka yi. Ka lallaɓa gareji ba tare da kowa ya sani ba, ka sa mai wayarin ya haɗa wayar, ka ja masa kunne kada ya faɗa. Sannan ka ba Maman yara makulli ta ajiye wa Auta a kan gado, ba magana, ba komai. Da ta fito ta gaishe ka sai ka ce wai ka yafe mata, ta dai riƙa kula.

Ka yafe mata! Haba Yaya! Ka san me ka yi kuwa? Da ta je ta gwada fitilar ta ga tana ci lafiya lau, me za ta ce wa kanta? Cewa za ta yi, shi ke nan, fitila ba ta da laifi, ni ce ban kunna ba. Ka gyara waya, ka bar yarinya da laifin da ba nata ba har ƙarshen rayuwarta. Makullin ma ko taɓa shi ba ta yi ba. Ta riga ta fara rubuta takardar barin aiki.

Don haka na gaya mata. Na sani za ka ce na tona maka asiri, na zubar maka da girma a gaban 'yarka. Ka faɗa. Na ba ka dama ka ƙi. Na kai ta wurin mai wayarin, na sa ya ɗaga murfin ya nuna mata inda aka yi sabon haɗi, ya maimaita mata abin da ya gaya mini, yana ta ba da haƙuri kamar shi ya haife ta.

Na zaci za ta yi kuka ko ta yi fushi. Ta daɗe tana kallon wayar, sannan ta ce, Gwaggo, ashe na kunna. Ta sake faɗa, ashe na kunna. Sai ta yi wata 'yar dariya, ta share ido da bakin mayafi. A hanyar dawowa ina ta zuba faɗa a kanka, ita ce ma ta tare ni. Ta ce in bar Babanta haka, ai don kada batir ya mutu mata a hanya ya sa aka yanke. Ka ji 'yar da ka kira maƙaryaciya. Ni ban kai ta haƙuri ba, har yanzu ina jin haushinka, kuma ba na jin zai wuce yau ko gobe.

Yau da sassafe ta koma aiki. Ta ɗauki makullinta, na zauna a gefenta a motar. Da muka fara gangarawa gada hazo ya rufe mu, ko bishiyoyin bakin hanya ba a gani. Ta rage gudu, ta murɗa zobe, koriya ta fito, ta ƙara murɗawa, rawaya ta fito. Wata mota ta biyo mu, muka ga fitilunta a madubi sun tsaya can nesa, ba su matso ba har muka haye. Da hazo ya washe a saman tudu ta kashe ta bayan da kanta, ba tare da na tuna mata ba. A ƙofar asibiti ta gyara hularta ta shige, ko waiwaye babu.

Aikinta ya tsira, amma ba kai ka tsirar da shi ba, kuma wannan ne ya rage tsakaninka da ita. Ba ta ce ka ba ta haƙuri ba, ba za ta taɓa cewa ba. Ta dai ce in gaya maka, gobe in Allah ya kai mu za ta tsaya a ƙofar gida da motar kafin ta wuce. Ka fito ka zauna a kujerar direba, ka murɗa zoben da hannunka, sannan ka sauka ka zagaya baya ka gani da idonka. Ita za ta nuna maka yadda ake yi, ba ni ba. Idan bakinka ya yi nauyi, ka tambaye ta kawai wace alama ce ta baya. Za ta gane.

Ka sa rigar sanyi, safiyar akwai raɓa, kada gwiwar ta tashi.

Ƙanwarka,
Gwaggon yara