Zuwa ga Likitar da Ta Sa Ni Hutun Dole

Zuwa ga sanyin idanuna, inuwata idan rana ta take tsaka, raɓar asubahin zuciyata, Likitata ni kaɗai ko da shanun duniya sun yi layi a ƙofarki. Ina miƙo gaisuwa wadda ta fi yawan 'ya'yan ciyawar da ke kwance a ƙarƙashin makiyaya, kuma kin san ba da ka nake faɗa ba, ƙirga su ne aikina.

Kin tuna ranar da muka haɗu? Shekarar nan ce da ruwa ya ɗauke tun ciyawa ba ta rufe idon sawu ba. Ina da fili guda da na kewaye da waya, na hana kiwo a ciki, don in ga ko hutu zai bar ciyawa ta zubar da iri a ƙasa. Wata saniya mai farin goshi ta ture wayar, ta share mini wahalata tas, cikinta ya kumbura kamar ganga. Aka kira ki. Kika tarar da marasa lafiya biyu: ita a kwance tana nishi, ni a tsugune ina riƙe da guntun gamba ina yi masa ta'aziyya. Kika duba ta, kika dube ni, kika ce, "Malam, ita dai za ta tashi. Kai ne ban tabbata ba." Ya ke tauraruwata, gaskiya kika faɗa. Saniyar ta tashi, har ta haihu. Ni tun ranar nake kwance.

To me ya yi zafi har kika yanke mini wannan hukunci? Na juya maganar, na tankaɗe ta, na rairaye, ban ga laifina ba. Na zo gidanku gaida Baba a karon farko, da sabon ɗinki, da turare. Aka ce in jira a filin da ke bayan gidan, wajen da yake ɗaure raguna. Na ga ƙasar ta zama fetal kamar tafin hannu, ko ƙwayar kore babu. Wane mai imani zai ga haka bai tambayi abin da ya rage a cikinta ba? Ƙarfen haƙata kuwa yana jakar babur. Mama ta fito da ruwan sha ta same ni a durƙushe, ina ɗura ƙasar gidanku a leda. Ta dire kofi, ta ja da baya tana salati, ta ce ga mai ɗibar sawun mutane ya shigo da rana tsaka. Na yi mata bayani cewa ƙasa rumbu ce, tana ɓoye iri shekara da shekaru har ruwa ya zo. Ta ce, "Bokan naka ne ya ce ka faɗi haka?" Da yamma kika aiko mini cewa mu ba juna hutu.

Hutu! Ni za a gaya wa hutu? Kullum ina rumfar raino, tsakanin farantan ƙasa, ina ba su ruwa ina jiran abin da zai leƙo. Ƙasar da aka yi ta kiwo a kanta cikin fari ba sassauci, ƙarangiya da tsidau kawai take ba ni. Wadda aka bari ta huta, sai ki ga gamba da kyasuwa suna rige-rigen fitowa. Don haka ban yi miki musu ba, na ce Likita ta san magani. Amma akwai abin da ba a gaya miki ba, ya ke ruwan farkon damina: hutu yana amfani ne idan akwai yayyafi a cikinsa. Idan ya yi tsawo, ga fari, rana ta ƙone rabin irin, tururuwa ta kwashe saura. Tururuwar kuwa na gan ta da idona. Tana da farar mota, tana kawo miki maganin dabbobi, tana daɗewa a ofishinki fiye da yadda sauke kwali biyu yake bukata.

Ledar nan ta gidanku ma na zuba ta a faranti. Kyasuwa ta fito, da tumatir, da wata 'yar gwaiba mai taurin kai. Na tura wa Baba hoto. Yanzu ya kewaye rabin filin nan, ya mai da raguna gefe, kuma duk safiya sai ya kira ni: "Ɗana, wani kore ya leƙo, namu ne ko in tuge?" Ɗana fa yake cewa. Mama ce dai har yanzu da ta ji ƙarar babur ɗina take sa a share tsakar gida.

Ga abin da ya sa na kasa ci gaba da shiru. Oga zai tura ni sabuwar tasharmu ta bincike, can inda waya ba ta kamawa sai an hau tudu, kuma wanda ya je yakan daɗe. Ya ce in ba shi amsa kafin wata ya mutu. Na ce amsar ba a bakina take ba, tana wajen wata likita. Ya tambaya ko ba ni da lafiya ne. Na ce sosai.

Ki ce in tafi, in tafi ina waiwaye. Ki ce in zauna, in zauna har in yi saiwa. Na yi alkawarin idan Allah ya haɗa mu ƙarƙashin rufi guda, zan iya cin abinci da ke daga farko har ƙarshe ban ambaci ciyawa ba, in dai ba ke kika tsokano ba. Firjin gidanmu kuma naki ne duka, ban da aljihun ƙasa, inda nake ajiye iri.

Naki, jiya da yau, har ranar da za a mai da ni cikin ƙasar da na ƙare rayuwata ina tonowa,

Wanda Mama ke kira Mai Leda.