Wayar da Ka Bar Mini

Matameye, 11 ga Janairu, 2010

Zuwa ga maigidana, Baban Firdausi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan zamanka na Agege. Yaya aiki, yaya baƙunta? Mu nan lafiya lau, sai kewarka. Inna mahaifiyarka tana sa maka albarka, Firdausi kuma kullum sai ta tambaye ni ko Legas ta fi Damagaram nisa.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali ka bar mini waya. Alhaji Yahaya mai kai shanu Legas ne zai tashi jibi, sai na ce bari in rubuta, tunda duk maganar da muka fara a wayar nan ba ta kaiwa ƙarshe. Ranar Talata ka ce na kashe maka waya kana cikin magana. Wallahi ban kashe ba. In na kanga ta a kunne, kuncina ya taɓa gilashin, sai ta yanke da kanta.

Kada ka ce raina kyautarka nake yi. Ban manta ranar da ka fito da ita daga kwali ba, matan unguwa suka cika mana tsakar gida suna kallon waya ba madanni ko ɗaya, gilashi zalla, a shafa ta amsa. Ranar na ji ni ma mace ce a garin nan. Amma wayar ba ta mai aikin gida ba ce. In ina tuƙi ta yi ƙara, kafin in wanke hannu in goge in lallaɓa ta, ka gaji ka ajiye. A rana ba a ganin komai a fuskarta, sai na shiga ɗaki. Ɗan tsinken da ake latsa ta da shi ya karye, yanzu da tsinken tsintsiya nake yi. In na kai ta shagon sharji da safe, kafin la'asar ta mutu, alhali tsohuwar mai madannai da ka sayar kwana huɗu take yi. Rubutun cikinta kuma duk Ingilishi ne, ni kuwa ka san ɗan Faransancin makarantar lakwal ne kawai gare ni.

Wadda abin ya fi damu Inna ce. Ka san da tsohuwar wayar, ko ba na nan, koren madanni take dannawa sau biyu ta same ka. Wannan kuwa ta juya ta, ta shafa gaba da baya, ta miƙo mini ta ce, "Abin da ba shi da tudu ba shi da kwari, ta ina mai raunin ido za ta kama shi?" Tun ranar ba ta sake taɓa ta ba.

Hawan jininta yana nan yadda ka bar shi. Makon jiya Munkaila direba ya kai mu awo Damagaram kamar yadda ka shirya da shi, sun ce mu koma bayan wata biyu.

Akwai wani abu kuma game da shi. A jerin sunaye nasa ne a sama, naka na bi masa. Ka gafarce ni in rubuta sunanka don ka gane: Munkaila, sai Muntaka. To gilashin ya goce. In na taɓa naka, nasa take kira. Sau uku ke nan ina cewa "Baban Firdausi" sai in ji muryarsa. Shi dariya yake yi, ni kunya kamar in nutse. Don Allah ka ba ni izini in musanya ta da mai madannai, ko tsohuwa ce.

Ka gaida mini mutanen gida da ke can. Allah ya tsare mana kai, ya ba da sa'a.

Taka har kullum,
Najaha


Matameye, 20 ga Maris, 2010

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar girmamawa, da fatan kana lafiya. Yaya jiki, yaya hidima? Mu nan da sauƙi. Zafi ya fara, hatsi ya yi tsada, rumbunmu kuma ya kusa ƙasa, ka dai san yadda daminar bara ta bar mu.

Yau kwana goma sha tara ba ka kira ba, in na samu na kira ka kuma ba ka ɗagawa. Tambayar da ka yi mini ranar ƙarshe har yanzu tana tsaye mini a ƙirji. Shekara bakwai ina gidanka, ban taɓa zaton zan ji ka ce mini "me ke tsakaninki da shi" ba. Ban san yadda aka kai maka labarin ba, don haka ga yadda abin ya faru.

A gidan suna ne, bayan masallacin unguwa. Sakina matar Munkaila ta shigo da wayar mijinta a hannu, ta tsaya a kaina mata cike da tsakar gida, ta ce in faɗa wa jama'a abin da nake nema wurin mijinta har kira goma sha huɗu cikin mako guda. Na ce waya ce ke gocewa. Aka kwashe da dariya. Wata ta ce wayar ma ta san namijin da za ta kira. Na ciro ta don in nuna musu, sai na tarar ta mutu. Na ja mayafina na dawo gida.

Gaskiya kiran ya kai haka, ban musa ba. Wasu ni na yi ina neman ka. Wasu kuma ban san da su ba, don in na ƙulle ta a bakin zani na sunkuya aiki, zanin ma latsa ta yake yi. Na gwada buga lambarka ɗaya bayan ɗaya, in na taɓa tara shida ke fitowa.

Na kai ta wurin mai gyara a kasuwa. Ya fito da wasu 'yan alamu a kusurwoyin gilashin ya bi su yana taɓawa, ta daidaita. Kwana biyu ta koma gidan jiya. Ya ce irinsu ba su jure zafin ƙasar nan, fatar gilashin ce ke ɗagawa. Na sa ya goge lambar Munkaila gaba ɗaya, na dawo na shaida wa Inna.

Inna ba ta taɓa zargina ba, Allah ya saka mata. Ta yafa mayafi ta dogara sanda har gidansu Sakina, ta ce musu ita ke kwana ita ke tashi da ni, wanda ke da magana ya zo ya same ta. Amma da ranar komawa awo ta zo sai ta ƙi. Ta ce ba za ta sa ni cikin motar Munkaila a ƙara samun abin faɗa ba, wata motar kuwa ba mai zuwa ƙofar gida ya ɗauke ta ya jira ta. Na roƙe ta har da kuka. Ta ce tsohon maganin ma ya isa. Kwana biyun nan tana kukan ciwon kai da jiri.

Alhaji Yahaya ya gaya mini saƙonka, cewa kada in kuskura in sayar da wayar, in na sayar shaida nake ɓoyewa. To ga ta nan, ban sayar ba. Amma don girman Allah ka kira Inna ka ce ta je awo. Maganarka kaɗai za ta ji. In ba ka son jin muryata, ina ɗagawa zan miƙa mata.

Allah ya huci zuciyarka, ya bayyana gaskiya.

Matarka,
Najaha


Matameye, 27 ga Afrilu, 2010

Zuwa ga Baban Firdausi,

Assalamu alaikum. Ina fata ka isa lafiya. Yaya gajiyar hanya, yaya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Inna, ya sa Aljanna ce makomarta, ya ba mu haƙurin rashinta.

Ka zo ka yi kwana bakwai a zaure kana karɓar gaisuwa. Abinci na aika maka, ruwan wanka na kai maka, ba ka ɗaga ido ka dube ni ba. Da za ka tafi ka aiko a karɓi wayar, ka ce za ka sa a bincika ta a can. Ba ka tambaye ni yadda mahaifiyarka ta cika ba, ni kuwa ni kaɗai na gani. Haƙƙinka ne ka sani, shi ya sa na rubuto.

Ranar kasuwa ce, bayan azahar. Unguwa ta watse, maza da mata duk suna can. Inna na zaune a inuwar darbejiya tana ɓarar gyaɗa, ni ina wanke-wanke. Sai na ji ƙwarya ta faɗi. Na waiwaya na gan ta kwance ta gefe, bakinta ya karkace, hannun dama ya saki. Idonta biyu, tana kallona, magana ta ƙi fita.

Na ja ta kan tabarma na ɗauko wayar. Da safen na karɓo ta daga sharji, cike take, rezo ma, wato sabis, cike. Na so in kira Kawu, ƙanin Inna, ko wani mai kabu-kabu. Na shafa, ba ta motsa ba. Na goge ta da zani, na latsa da farce, na latsa da tsinke, na cire batir na mayar. Ta kawo haske, ta tsaya tana kallona. Na leƙa gidaje uku na maƙwabta, ba kowa sai wata tsohuwa da ba ta ji.

Ina cikin haka ta yi ƙara. Sunanka ne a kai, karo na farko tun watan Maris. Na ja koren da yatsa, ya ƙi. Na ja da yatsu biyu. Na danna har na ji gilashin zai fashe. Sau uku kana kira tana yankewa. Inna ta san kai ne, don ina ta kiran sunanka da bakina, abin da ban taɓa yi a gabanta ba. Ta miƙo hannun hagu, na sa mata wayar a tafi, ta riƙe ta a ƙirji tana ƙara har ta yi shiru. Na ji an ce ka gaya wa mutane ranar da uwarka ke mutuwa na ƙi ɗaga kiranka. To ka ji yadda aka yi.

Yanzu ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Tun faɗuwarta na san tasha ya kamata in ruga. Na san ranar kasuwa motar Munkaila na nan tana lodi. Amma na tsaya ina fama da gilashi kusan rabin awa, saboda ina tsoron a ce an ga matarka a tasha tana neman sa. Wannan laifina ne, da shi zan tashi gaban Allah.

Da numfashinta ya fara sauyawa sai tsoron ya fita daga raina. Na ce wa Firdausi ta riƙe hannun kakarta, na fita da gudu, ba takalmi ba mayafi. Na tsaya tsakiyar tasha na ƙwala masa kira kowa yana ji. Bai tambaye ni komai ba. Ya sauke fasinjojinsa ya juyo da mota. A likitar garin nan suka duba ta suka ce sai Damagaram. Malamin asibitin ya tambaye ni tun yaushe ta faɗi, da na faɗa masa sai ya girgiza kai kawai. Mun wuce Kance kaɗan ta matse mini yatsa, laɓɓanta suka motsa. Na sunkuya ina maimaita mata kalmar shahada. A cinyata ta cika.

Munkaila ya juyo da mu. Bai karɓi ko dala ba, yana cikin waɗanda suka haƙa kabarin. Sakina ma ta zo gaisuwa, ta zauna kusa da ni ta yi kuka.

Gidan ya yi mini girma. Baba ya aiko daga Ɗan Barto in je in huta, ni da Firdausi. Na ba Kawu makulli, awakin kuma na kai su gidansa.

Allah ya gafarta mana baki ɗaya.

Najaha


Ɗan Barto, 30 ga Mayu, 2010

Zuwa ga Baban Firdausi,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, yaya aiki? Mu nan lafiya. Baba da Gwaggo suna amsa gaisuwarka. An yi ruwan shuka a garin Tsauni shekaranjiya, mu ma hadari yana haɗowa.

Takardarka ta iso ni ta hannun Alhaji Yahaya, na karanta ta sau da yawa. Ka ce ka sa layinka a wayar, ka tashi kiran maigidan aikinka ta kira wani daban, har sau biyu a gaban abokanka. Ka ce mai gyara na can ma ya tabbatar maka gilashin ya daɗe da lalacewa. Ka ce ka kwana biyu ba ka iya cin abinci ba, in yafe maka.

Na yafe maka, duniya da lahira. Ni ma mai neman yafiya ce, kuma na san abin da ke cin ka, don shi ke cin ni. Da ka kira Inna a watan Maris da ta je awo. Da na fita da wuri da wataƙila mun kai. Kwana ne ya ƙare, haka malamai suka ce mini, ina kuma ƙoƙarin zuciyata ta karɓa.

Sai dai akwai abin da ba zan ɓoye maka ba. Na faɗa maka da bakina, ba ka yarda ba. Na rubuta maka da hannuna, ba ka yarda ba. Uwar da ta haife ka ta tsaya mini, ba ka yarda ba. Sai da waya ta ba da shaida.

Ka ce kana tafe kafin shuka, in koma in share gida in jira ka. Ba zan koma ba tukuna. Irin gero yana cikin tukunya a ɗakin Inna, Kawu ya san wurin. In ka iso ka fara zuwa kabarinta, yana gefen gabas kusa da aduwa. Daga nan ka biyo Ɗan Barto, kai da manyanka, ka zauna gaban Baba. A bainar jama'a aka ɓata mini suna, ina so a bainar jama'a ka faɗi abin da ka rubuta mini. Bayan nan sai in ga abin da zuciyata za ta iya.

Firdausi tana gaishe ka. Ta daina tambayar Inna, amma har yanzu in an zuba tuwo sai ta ware mata nata.

Allah ya kawo ka lafiya.

Ni ce,
Najaha, uwar Firdausi