Lallen da Ya Kama

Al-Sadd, Doha,
Nuwamba, 2022.

Zuwa ga Yaya Hannatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiyata ƙalau, kuma wallahi ita ce abin kunyar.

Kin san ƙungiyarmu ta ɗalibai mata Hausawa. Wasilatu, shugabarmu 'yar Kumasi, ta dage sai mun tarbi matan Ghana masu zuwa kallon Kofin Duniya da anko da lalle. Ni da bakina na ce a bar mini lallen. Saboda gasar aka matso da jarrabawa, sai zaman lallen ya faɗo ana jibi jarrabawar darasin da Dakta Safiyyatu ke koyarwa, ƙawar Inna da ta tsaya mini har na samu gurbin nan. Na wuni ina zana wa mutane, ni ma aka zauna aka yi mini. Washegari muka tafi unguwar Najma wajen tela. Ko shafi ban buɗe ba.

Ranar jarrabawa na aika wa Dakta cewa zazzaɓi da tari sun kwantar da ni. Tun korona, da an ji tari ba a ja da mutum. Ta je ta roƙa, aka yarda a sake mini ranar Alhamis.

Da yamma sai ga ta a ɗakina da kular farfesu. Na ƙudundune cikin bargo, har da nishi. Ta jawo hannuna don ta ji zafin jiki. Yaya, lallen ya yi baƙi ƙirin, har yanzu yana ƙamshi. Wace Bahaushiya ce za ta kasa gane na shekaranjiya? Ta juya tafin, ta duba, ta mayar da shi cikin bargo a hankali. Ta yi mini addu'ar samun sauƙi, ta tafi. Da zagina ta yi, da na fi jin daɗi.

Na dirza da lemon tsami har fata ta yi ja, bai fita ba. Ita za ta tsare ni ranar Alhamis, mu biyu kaɗai. Ba zan iya riƙe biro da hannun nan a gabanta ba. Gobe zan mayar mata da kularta, in faɗa mata gaskiya, ko da zan maimaita darasin baɗi.

Don Allah kada Inna ta ji daga bakin kowa kafin ni. Ki gaida kowa.

Taki ƙanwa,
Bilqis.